Kawu, Mai Ƙararrawar Aro

Ranar da aka kai Kawu makwancinsa babu ƙararrawa ko ɗaya a gidansa, kuma hakan ya dami wasu masu gaisuwa fiye da yadda na zata. Wata tsohuwa daga unguwar gabas ta shiga wurin matarsa, ta yi gaisuwa, ta zauna, sai idonta ya riƙa yawo a bangon ɗaki. Da ta gaji da dubawa ta ce, "To ina kayan nasa?" Matar Kawu ta ce, "Suna wurin masu su." Tsohuwar ta gyaɗa kai kamar ta gane. Tana fitowa tsakar gida ta ja Inna gefe, wato mahaifiyata, ƙanwar mamacin, ta ce mata ita dai ta ji an ce tun yana kwance aka sayar da su.

A rumfar maza ma abin bai yi mini daɗi ba. Liman ya yi addu'a mai tsawo, Allah Ya saka masa. Ya ambaci noman Kawu, ya ambaci sahun farko da ba ya wuce shi, ya ambaci rijiyar da ya taya haƙa, amma bai ce uffan ba a kan ƙararrawa, abin da aka san mutumin da shi daga nan ƙasar Ollelewa har Belbeji. Wani ma'aikaci ya zo da mota daga Tanut, ya ce Damargu ta yi babban rashi, kuma za a ɗauki mataki don kada al'adar ta ɓace. Ya sha ruwa, ya shafa fatiha, ya shiga motarsa. Har yau ban sake jin ɗuriyarsa ba.

Su kuwa mutanen Kawu, su bakwai da ke kaɗawa, can gefe suka zauna a kan tabarma ɗaya, ba wanda ya kula su. Sai ranar sadakar uku babbansu, maƙerin garinmu, ya kama hannuna a bakin zaure.

Ya ce, "Ɗan ƙanwarsa, damina ta ƙarato. Wa zai ɗauko ƙararrawar?"

Na ce ni zan ɗauko. Da sauri na faɗa, ban ko tsaya na yi tunani ba.

Na zauna rubuta wannan ne don na ga ana yabon Kawu da abin da kowane dattijon kirki yake da shi, ana barin abin da yake nasa shi kaɗai. Kuma ba zan ɓoye ba, da haushi nake rubutawa. Ina jin haushin masu gaisuwa, ina jin haushin kaina, shi ma Kawun bai tsira ba.

Ga yadda abin yake. Ƙararrawa bakwai ce, kowace da muryarta, kowace da mutum ɗaya mai riƙe ta. Babbar, mai kaurin murya, suna kiranta Uwa, a hannun maƙeri take. Ƙaramar, mai siririyar murya, ita ce Auta. Sauran biyar suna tsakani. Idan an kira gayya, wato an tara jama'a su nome gonar mutum ɗaya a rana ɗaya, manoma za su jeru a bakin gona da hauyoyinsu, masu ƙararrawa su shiga gabansu suna tafiya da baya. Uwa ce ke farawa. Tana yin kuka hauya ta shiga ƙasa, sauran shida kuma daga ita suke ƙirga inda kowa zai shigo, har hauya ta ɗago. Kawu ba ya riƙe komai. Hularsa yake cirewa, da ita yake nuna wanda zai shigo da wanda zai dakata. Idan kiɗan ya zauna, mutum sai ya nome kunya uku bai san ya yi ba. Mata masu kawo fura kan tsaya da ƙwarya a ka, su manta da saukewa. Suna yi a suna, suna yi ranar Salla bayan an sauko idi, amma gayya ita ce ainihin aikinsu.

A cikin bakwai ɗin nan ko ɗaya ba ta Kawu ba ce. Duk aro ne. Ɗaya ta tsohon daraktan lakwal ce, wato makarantar boko, a Tanut, ta tagulla, wadda aka daina amfani da ita. Ɗaya ta wata baiwar Allah ce a Falanko, daga wuyan san noman marigayi mijinta aka kwance ta. Huɗu na mutanen ƙauyukan kusa ne. Uwa kuwa ta wani tsohon makiyayin raƙuma ce a kwarin Tarka.

Kowace shekara, da an zuba damin gero na ƙarshe a rumbu, Kawu zai wanke su da toka da tsamiya, ya shafa musu mai, ya naɗe kowace a tsumma, ya ɗora wa jaki, ya bi gida gida ya mayar wa kowa tasa. Idan bazara ta yi zafi, gajimare ya fara leƙowa, sai ya sake ɗaura wa jakin nan kaya ya koma aro. Tafiya biyu ke nan a shekara, kowace tana cin kusan wata. Da girma ya kama shi ya koma shiga motar kasuwa, inda mota ba ta zuwa ya ƙarasa da ƙafa. A cikin bazara ya rasu, saura kwanaki ya fita aron, shi ya sa ba a tarar da komai a ɗakinsa ba.

Ba wai masu kayan ne suka matsa ba. Ina zaune wata rana a gidan tsohon darakta, ya ce masa, "Malam, don Allah ka bar wahalar nan. Na ba ka ita duniya da lahira." Kawu ya tura masa ƙararrawar da tsumman har gabansa, ya ce, "Riƙe kayanka. In muna da rai na zo." Da muka fito na tambaye shi dalili, sai ya ce in duba hanya, akwai ƙaya. Inna takan ce tun suna yara haka yake, idan ya kafe a kan abu sai dai a bar shi.

Bakinsa ma ba dama. Ranar Juma'a bayan la'asar suke gwaji a gindin aduwar bayan gari, kuma duk wanda ya je kallo ya san zai ji abin dariya. Mahaucin da ke riƙe ta uku yana da nauyin hannu, Kawu yakan ce masa, "Ba ƙashi kake sara ba, sassauta." Idan wani ya shigo kafin lokacinsa sai ya tsayar da kowa, ya tambaye shi a hankali ko an aiko daga gida ana nemansa ne. Ni ma na taɓa gwadawa lokacin hutu, sabon malamin lakwal ina ji da kaina. Ya ba ni ta biyar. Ban kai ko'ina ba ya karɓe abarsa.

Ya ce, "Mai lakwal, kai taka kawai kake ji. Je ka koya wa yara lissafi."

Daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai Mai lakwal, ko a gaban ɗalibaina.

Amma na ga abin da ya yi wa tela. Telan garinmu ya yi shanyewar ɓarin jiki, hannunsa na dama ya mutu, ya rufe keken ɗinki, ya shige ɗaki ya daina fita ko masallaci. Kawu ya je da Auta a aljihu. Bai yi masa wa'azi ba, bai ce ya yi haƙuri ba. Ya ɗaura masa ita a wuyan hannun hagu da tsirkiyar fata, ya ce, "Wannan ba ta son mai ƙarfi. Juma'a a gindin aduwa, kada ka sa mu jira." Mai riƙe Auta na da, wani ɗan'uwan liman, ya yi fushi, Kawu ya bar shi da fushinsa. A daminar nan ya rage saurin kiɗan gaba ɗaya don tela ya iya bi. Manoma suka yi ƙorafi, suka ce aiki ba ya sauri. Ya ce gonar tana nan, ba inda za ta. Telan yana cikin bakwai ɗin da suka zauna a tabarmar nan ranar rasuwa, kuma shi ne ya fi kowa kuka.

Rigimarmu babba a kan ƙararrawa muka yi ta, shekara huɗu da suka wuce. Wasu mutanen furoje, irin masu yawo suna tallafa wa al'adu, sun ji kiɗan a rediyon karkara, suka nemi ni don na iya faransanci. Suka ce za su sayo sabon jeri daga waje, goma sha biyu, masu mariƙin fata, a cikin akwati. Na yi zirga-zirga, na cike takardu, na yi murna har da ba wa abokan aiki labari. Na zo na nuna wa Kawu hoton a waya. Ya karɓa, ya nisanta ta daga idonsa, ya duba da kyau.

Ya ce, "Suna da kyau. Na wane ne?"

Na ce, "Naku ne, Kawu. Kyauta. Ba aro, ba mayarwa."

Ya ce, "To wa zai zo ya ji?"

Na ce kowa ma. Ya miƙo mini wayar ya ci gaba da gyaran ƙotar hauya. A ranar na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce shekarunsa sun wuce na yawo a rana, na ce yana hana mutanensa ci gaba, na ce ranar da ya faɗi abin nan zai faɗi tare da shi. Bai ɗago ba. Wata biyu ban taka gidansa ba. Shi ne ya aiko mini da zabi biyu a Tanut, babu saƙon komai, sai na gane an gama faɗan.

A kan tambayarsa yana da gaskiya, ko da ban so na yarda ba. Waɗanda ake aron ƙararrawar a wurinsu suna zuwa gayya. Matar nan ta Falanko takan shigo amalanke da tulun fura, ta zauna a inuwa tana jiran muryar tata, idan ta ji sai ta ce wa na kusa da ita, "Ga ta gidanmu nan." Tsohon darakta yakan zo da goro, ya tsaya yana gyara wa mutane tsayuwa kamar yana farfajiyar lakwal. Makiyayin Tarka ba ya zuwa saboda dabbobi, amma cukun da yake aikowa ba ya fashi. Na ga duk wannan da idona, na ɗauke shi a matsayin ƙarin armashi kawai. A kan tawa maganar kuma ni ma ina da gaskiya, kuma nan ne haushina da shi yake. Bai taɓa ɗaukar ko mutum ɗaya ya raka shi tafiyar aron nan ba. Bai ce wa kowa ga yadda ake yi ba.

Bayan sadakar bakwai na koma Tanut na fara aiki. Ina da waya, ina da moto, wato babur, na ce abin ba zai gagare ni ba. Na kira tsohon darakta, ya yi mini gaisuwa, ya ce zai ba direban motar kasuwa. Matar Falanko ba ta da waya, ta maƙwabcinta na kira, aka kai mata. Ta ce, "Shi ke nan, ba mai zuwa?" Na ce aiki ne ya yi yawa, Iya. Ta aiko da ita ranar kasuwa. Sauran huɗu ma haka. Cikin mako ɗaya shida sun iso hannun maƙeri. Na je na gaya wa Inna cewa abin da ke cin Kawu wata guda ga shi na gama a kwana bakwai ban bar kujerata ba. Tana tankaɗe. Ta dube ni ta ce, "To."

Saura Uwa. Inda tsohon makiyayin yake waya ba ta kamawa. Ruwa ya sauka, an yi shuka, ciyawa ta taso. 'Ya'yan Kawu maza sun zo rasuwa sun koma ci-rani arewa, matarsa tana takaba ba ta fita, gonarsa kuwa babba ce. Mutanensa suka sa gayya ranar Alhamis a gonar, ta farko a daminar, don a rufa wa gidan asiri. Maƙeri ya aiko mini cewa in babu Uwa su ba su san inda za su kama ba.

Ranar Talata na tashi daga Tanut kai tsaye, ban bi ta gida ba. Washegari da safe ina da tsaron jarrabawa, dole in kwana a gari. Motona kuma ya daɗe yana ba ni wahala, idan ya mutu sai an tura, a cikin rairayi kuwa ba mai tura maka. Ina tafe ina ƙunƙuni. Mutumin da Kawu ya yi shekara da shekaru yana zuwa wurinsa, amma ko gaisuwar mutuwa bai zo ba, sai saƙo ya aiko ta bakin wani.

Da azahar na same shi, bayan na yi tambaya sau uku. Yana zaune a inuwar bukka, ya jingina da sirdin raƙumi, bargo a cinyarsa, butar shayi a kan gawayi. Na kafe moto a kusa, na bar shi a kunne. Na yi sallama, na faɗi ko ni wane ne. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya yi wa Kawu addu'a da Hausarsa mai nauyi. Ya nuna mini tabarma. Na ɗosana a bakinta.

Ya zuba shayin farko. Na shanye da zafinsa, na ce, "Baba, ƙararrawar na zo karɓa. Jibi ake gayya."

Ya miƙa hannu cikin wata jakar fata da ke gefensa, ya fito da ita. A kusa take, a goge, an sa mata sabuwar igiya. Ya ɗora ta a kan bargon, ya dafa ta da tafinsa. Ya juya ya dubi moto yana ta ƙara yana hayaƙi.

Ya ce, "Kawunka kwana biyu yake yi a nan. Mu ci, mu sha, ya ba ni labarin kudu, in ba shi na arewa. Bai taɓa buɗe baki ya ce in ba shi ƙararrawa ba. Idan zai tafi, ni nake sa masa ita a jaka."

Na ce, "Na sani, Baba, amma ni ma'aikaci ne, gobe..."

Ya ce, "Ba ka sani ba. Ko injin ba ka kashe ba."

Na fara yi masa bayanin buji, wato fulogin moto, da rairayi, ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya mayar da Uwa cikin jaka ya ja bakinta ya ɗaure.

Ya ce, "Ba hana ku na yi ba. In akwai mai kwana biyu a cikinku, ya zo."

Ya zuba shayi na biyu. Ban tsaya sha ba. Na yi sallama a tsaye, na hau moto, na taho ina zaginsa a zuci har Tanut. Na ce girman kai ne, na ce wulaƙanci ne a kan guntun ƙarfe.

Ranar Alhamis aka yi gayya da shida. Mutane sun zo, amma ba kamar da ba. Matar Falanko ba ta zo ba, tsohon darakta ma haka. Maƙeri ya tsaya a wurinsa hannu ba komai, ya ɗauki wata tsohuwar hauya yana buga mata dutse a madadin Uwa. Ƙarar ba ta kai ƙarshen sahu ba. Mahauci ya shigo a kan na huɗu, na huɗu ya shigo a kan tela, tela ya tsaya yana dube-dube yana neman hular da za ta nuna masa. Kunya biyu suka yi, maƙeri ya ce a bari. Suka ajiye ƙararrawa a gindin itace, masu iyawa suka ɗauki hauya. Kafin rana ta take mutane sun fara zamewa ɗaya ɗaya, aka tashi rabin gonar na nan da ciyawarta.

Da yamma na shiga gaida matar Kawu. Na tsuguna a bakin ƙofa, tana ciki a kan tabarmar takaba. Na shirya yadda zan ba ta haƙuri a kan gonar, na kuma shirya ƙarar tsohon nan da zan kai mata. Ba ta tambayi gona ba.

Ta ce, "An ce ka je Tarka. Me ya sa ba ka biyo ba? Ga man shafawar da na haɗa wa tsohon tun kawunka yana da rai, shi ke kai masa duk shekara." Ta nuna wani ɗan gwangwani a kan taga. Sannan ta ce, "Ya ƙafafun nasa? Bara kawunka ya ce sun fara ƙin ɗaukarsa."



Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya hutar da shi, don tafiya kam ya yi ta. Ni kuwa na je har gaban mutumin nan, na sha shayinsa, na yi masa bayanin buji, na taho ina jin haushin bai zo gaisuwa ba, ban lura da cewa tun da na isa har na tafi bai motsa ƙafarsa daga ƙarƙashin bargon nan ba.